Zakin Watalu da Dutsen Masu Igwa

A filin dagar Watalu, ƙasar Beljik, inda aka karya Napoleyon ran 18 ga Yuni 1815, abin da ke fara cika ido shi ne tudun nan mai tsawon fiye da mita 40, da zakin ƙarfe bisa kansa. Sarkin Holand Wiliyam na Ɗaya ya sa aka tayar da shi, aka kammala a 1826, don tuna wurin da ɗansa ya ji rauni. Raunin yarima guda, matakala 226! Abin takaicin kuwa, ƙasar da aka tara tudun da ita daga jigawar da aka gwabza a kanta aka ɗebo ta. Wato garin girmama filin aka ɓata masa kama.

Kaɗan daga yamma akwai wani ɗan dutse wanda mai sauri zai wuce bai lura ba. Shi ke nuna inda rukunin G na sojan igwar doki na Ingila ya ja daga ƙarƙashin Kyaftin Masa, wato Cavalié Mercer. Irin waɗannan sojoji a sukwane suke jan igwoginsu, su sauke, su buga, su sake wuri. An umurci Masa da cewa in baraden Faransa suka kawo sukuwa, mutanensa su bar igwa su fake cikin sahun dakaru. Ya ƙi, don ya ga samarin Buranzuwik da ke gefensa saura ƙiris su watse, kuma ganin masu igwa na gudu zai iya ƙarasa su. Da igwa 6 ya yi ta mai da baraden baya.

Dutsen ya fi zakin gaskiya, domin bai ƙara wa ƙasa kome ba. Wanda ya tsaya gabansa zai ga gangaren da dawakin Faransa suka hauro, ya auna da idonsa kusancin da ke tsakaninsu da bakin igwa. Amma shi ma yana da nasa giɓi. A littafin tarihin yaƙin da Masa ya bari, wanda aka buga a 1870 bayan rasuwarsa, ya ce cikin dawaki wajen 200 da ya shiga daga da su, kimanin 140 a nan suka kwanta. Rubutun dutsen ya ambaci kyaftin da rukuninsa da ranar yaƙin. Doki kuwa sai a cikin sunan rukunin kawai.