Ba ni gishiri in ba ka manda: karatun aya ta 141

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa riƙe kundin tsarin mulkin ƙasarmu, ko don jarabawa ko don gardamar fada, daga gaba yake soma karatu. Can ne kalamai masu daɗi suke: ƴanci, adalci, daidaito, mulkin jama'a. Ni shawarata a juya kundin a soma daga baya. Ayoyin ƙarshe, waɗanda malami ba ya kaiwa gare su kafin shekarar karatu ta ƙare, su ne ke nuna cinikin da aka ƙulla kafin a kai takardar gaban talaka.

Tsakanin 1992 da 2010 Nijar ta yi kundin tsarin mulki har biyar: na 1992, na 1996, na 1999, na 2009 da na 2010. Shekara goma sha takwas, kundi biyar. Kowanne da cinikinsa a ciki. Wanda nake son mu tsaya a kansa shi ne na 1999, musamman ayarsa ta 141, wadda ta yi afuwa ga masu juyin mulki.

Kafin nan bari in kauda wata fahimta. Sasantawa wajen rubuta kundi ba abin kunya ba ce. Mutanen da ba su yarda da juna ba ne ke zama su rubuta dokar da za ta ɗaure su gaba ɗaya, dole kowa ya saki wani abu. Ku duba batun addini. Kundin 1960 ya kira ƙasar da kalmar Faransancin nan ta layik. Da aka zo rubutun 1992, ƙungiyoyin Musulunci suka ƙi kalmar, don a kunnen jama'a da dama tana kama da a ce ƙasa ba ta da Allah. Sai aka bar kalmar, aka riƙe ma'anar da wasu kalmomi. Kundin 1999 da na 2010 sun ce an raba harkar gwamnati da ta addini, amma kuma shugaban ƙasa yana rantsuwa da littafi mai tsarki na addininsa. Malamai ba su samu duk abin da suke so ba, ƴan boko ma haka. Kowa ya san abin da ya bayar, ya san abin da ya karɓa, kuma daga aljihunsa ya biya. Irin wannan sasantawa ba ni da ja da ita.

Akwai iri na biyu, wato a ga rigima a gaba a tsallake ta a bar ma gobe. Shi ne ciwon kundin 1992. Mutanen da suka fito daga babban taron ƙasa na 1991 suna da tabon mulkin Seyni Kunce da na jam'iyya ɗaya a jikinsu, ba su son mutum guda ya sake tattare iko. Sai suka aro tsarin Faransa, shugaban ƙasa a gefe ɗaya, faraminista mai dogaro da rinjayen majalisa a ɗaya gefen. Abin da ba su warware sosai ba shi ne: in shugaba da faraminista suka fito daga ɓangarori masu gaba da juna, wa ke da ta cewa? Amsar ta zo a 1995. Adawa ta ci zaɓen ƴan majalisa a watan Janairu, Hama Amadu ya zama faraminista a ƙarƙashin Mahaman Usman, aka shiga ja-in-ja kan naɗe-naɗe da kiran taron ministoci, aikin gwamnati ya tsaya cik. Ran 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su duka biyun.

Iri na uku ya fi waɗannan muni: mutane biyu su sasanta da kayan wani na uku da ba ya wurin. To nan ne aya ta 141 take.

Ku tuna yadda abin ya faru. Ran 9 ga Afrilun 1999 dogaran fadar shugaban ƙasa suka bindige Bare a filin jirgin saman Yamai. Sanarwar farko da gwamnati ta yi, wai haɗari ne. Kwana biyu bayan haka sojoji suka ɗora Kwamanda Dauda Malam Wanke, shugaban dogaran, bisa mulki, ya yi alkawarin miƙa shi ga farar hula cikin wata tara. Aka rubuta sabon kundi, aka yi ƙuri'ar raba gardama ran 18 ga Yuli, aka ƙaddamar da shi ran 9 ga Agusta. Can wajen ƙarshensa aya ta 141 ta ce an yafe ma waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairun 1996 da na 9 ga Afrilun 1999, ta kuma umarci sabuwar majalisa ta yi doka a kan haka a zamanta na farko. Majalisar kuwa ta yi, a Janairun 2000.

Dubi dabarar haɗa ranakun biyu. Waɗanda Bare ya kifar a 1996 za su haƙura da ƙararsu, iyalai da magoya bayan Bare su ma su haƙura da tasu. A takarda kamar an yi raba daidai. Amma sojojin da suka yi na farko da waɗanda suka yi na biyu duk daga bariki ɗaya suka fito. Su ne suka ci riba sau biyu. Masu haƙurin kuwa ba wanda ya tambaye su.

Sai kuma aya ta 136, wadda a ganina ta fi ta 141 ban mamaki. Ita ce ta jera abubuwan da ba a taɓa gyarawa har abada: tsarin jamhuriya, jam'iyyu da yawa, raba gwamnati da addini, sai aya ta 36 mai ƙayyade wa'adin shugaba zuwa shekara biyar sau biyu, sai aya ta 141. Ka ji fa. An ɗauki afuwar masu harbi an ajiye ta a akwati ɗaya da ginshiƙan ƙasa, an kulle da kwaɗo ɗaya. Ga kundin nan, kare wanda ya kashe shugaban ƙasa da hana shugaba zarcewa darajarsu ɗaya ce.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce: kai ɗan makaranta, kana zaune kana shan shayi kana yanke hukunci. Mai bindiga ba ya sauka in ya san kurkuku ke jiransa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kuma tarihi ya ba su wata hujja, domin Wanke ya cika alkawari, aka yi zaɓe, Tanja Mamadu ya karɓi mulki a Disamban 1999, ƙasa ta samu kusan shekara goma ba juyin mulki. Wanda ya ga yadda wasu ƙasashen yankinmu suka ƙone a shekarun nan ba zai raina wannan ba.

Na yarda afuwar ta sayo mana wani abu. Inda na tsaya shi ne farashin da yadda aka biya shi.

Na farko, ba a nemi komi daga waɗanda aka yafe mawa ba. Ko da gaskiya. Wa ya ba da umarni? Wa ya harba? Me ya sa aka kashe sauran mutanen da suka mutu tare da shi a ranar? Afuwar ta rufe ƙofar kotu, ta kuma rufe bakin tambaya. A kwatanta da Afirka ta Kudu, inda su ma kundin riƙon ƙwaryarsu na 1993 ya yi alkawarin afuwa. Can sai mutum ya zo gaban hukumar gaskiya da sulhu ta Desmond Tutu da ƙafarsa, ya faɗi abin da ya aikata dalla-dalla, sannan a duba ko ya cancanta. Fiye da mutum 7,000 suka nema, waɗanda suka samu ba su kai 900 ba. Tsarin nasu yana da nasa aibi, iyalai da yawa ba su gamsu ba. Amma dai can mai laifi ya biya da bakinsa. Namu kyauta aka ba shi tun bai roƙa ba, ko sunansa ba a rubuta ba.

Na biyu, yadda aka kai maganar gaban jama'a. Ƙuri'ar raba gardama amsa biyu gare ta, i ko a'a. Manomin Dakoro ko ƴar kasuwar Tanut da ke son sojoji su koma bariki ba su da hanyar cewa mun yarda da zaɓe amma ba mu yarda da afuwa ba. In ka ce a'a, ka tsawaita mulkin soja. In ka ce i, ka yafe jinin da ba naka ba. Kundin da Faransanci aka rubuta shi, mafi yawan masu zaɓe ba su karanta Faransanci, waɗanda suka fito ƙuri'ar kuma ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Daga baya in iyalan mamaci suka tada magana sai a ce masu ai jama'a ce ta yanke. Wace jama'a, kuma me aka tambaye ta?

Iyalan Bare sai da suka fita waje neman haƙƙi. A 2015 kotun CEDEAO ta ba su gaskiya, ta ce ƙasar Nijar ta biya su diyya. Ba sai kana ƙaunar Bare ba kafin wannan ya dame ka. Mutumin da juyin mulki ya shigo, kuma kowa ya san yadda ya rusa hukumar zaɓe ana tsakar zaɓen Yulin 1996. Amma doka ba don mutanen kirki kaɗai ake yin ta ba. In za a iya harbe shugaban ƙasa da rana tsaka a kulle maganar cikin kundi, ɗan talakan da ya mutu a hannun mai kaki wa zai tsaya masa?

Na uku shi ne abin da shekaru suka nuna game da kwaɗon nan na aya ta 136. A 2009 Tanja ya so zarcewa. Da yake an hana gyara aya ta 36, sai ya ce to a canza kundin baki ɗaya. Ya rusa majalisa a watan Mayu. Kotun tsarin mulki a ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai ta ce ba ya halatta, ya rusa ta a watan Yuni. Ran 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar tazarce, ya ƙara ma kansa shekara uku. Ke nan cikin abubuwa biyun da aka kulle tare, wanda ke kare talaka daga mai mulki shi ne ya karye cikin ƴan watanni. Wanda ke kare masu bindiga kuwa ya yi aikinsa sarai, don ba a taɓa gurfanar da kowa ba kan kisan 9 ga Afrilu.

Sauran labarin kun san shi. Ran 18 ga Fabrairun 2010 Salu Jibo ya kifar da Tanja. Aka kafa kwamitin masana ƙarƙashin Mamudu Gazibo, majalisar tuntuɓa ta Maru Amadu ta duba daftarin, jama'a ta amince ran 31 ga Oktoba. Kundin 2010 ya gyara kurakurai da dama, har ya yi tanadi kan zaman shugaba da faraministan adawa, abin da ya kada jamhuriya ta uku. Amma juya shi baya: aya ta 185 ta yafe ma masu juyin mulkin 18 ga Fabrairu, aya ta 175 ta kulle afuwar. Abin da aka ce larura ce ta sa a 1999 ya zama al'ada a 2010. Mutane da yawa sun yi murna da faɗuwar tazarce, gaskiya ne, sojojin kuma sun miƙa mulki a Afrilun 2011. Sai dai duk ƙaramin hafsan da ya karanta kundin nan biyu ya koyi darasi guda: in ka yi ka ci nasara, kundi na gaba zai wanke ka. Kundin da ya ce iko na jama'a ne a shafin farko, shi ne kuma ke sa albarka ga wanda ya ƙwace ikon a shafin ƙarshe. Shi kansa kundin 2010 an dakatar da shi bayan 26 ga Yulin 2023.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba cewa nake a daina sasantawa ba, ko a rubuta kundin mala'iku. Ko ba daɗe ko ba jima za a sake zama a rubuta ma ƙasar nan kundi, za a kuma yi ciniki, mu ne kuma za mu rayu a ƙarƙashinsa fiye da masu rubutun. Abubuwa uku nake ganin ya kamata mu riƙe. In za a yi afuwa, a ɗaura mata sharaɗin faɗin gaskiya a bainar jama'a, a kuma ware zubar da jini daga cikinta. A fitar da ita daga cikin kundi a tambayi jama'a a kanta ita kaɗai, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunanmu. Kada kuma a sake kulle ta tare da ginshiƙan jamhuriya, a bar ma ƴan baya damar su sake dubawa.

Kada wani ya ce mana wannan maganar manya ce. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairun 1990 su suka buɗe hanyar da ta kai ga taron ƙasa, ƙungiyar USN kuma ta zauna a taron da cikakkiyar murya. Mata ma da suka ga an yi masu saniyar ware a kwamitin shirya taron, fitowa suka yi titi ran 13 ga Mayun 1991 sai da aka ƙara masu kujeru. Ba wanda ya gayyace su. Don haka ranar da daftari ya fito, a nemo shi, a kai shi fada da ɗakunan kwanan ɗalibai, a fassara ma iyayenmu. A soma karatun daga aya ta ƙarshe.