Malika ta iya takobi, amma ba ta jin Hausa

Ina son Malika, kuma na san masu bibiyata sun gaji da jin haka daga bakina. Tun da Roye Okupe ya fitar da littafin zanen Malika: Warrior Queen a 2017 ban ga jarumar da ta kwanta min a rai kamarta ba, har ita Wonder Woman ɗin Amurkawa da ake ta yayi tun 1941. Malika ita ce sarauniya, ita ce kuma mai jan runduna. A fada ta yi fama da 'yan majalisa masu son juya ta, a fagen daga ta tari mayaƙan da suka taso tun daga ƙasar Sin. Ba ta zaman jiran wani ya zo ya cece ta. Sunan daularta Azzaz, wanda duk ya ji ya san Zazzau ake nufi, shi ma Okupe bai ɓoye cewa tarihin Sarauniya Amina ya duba ba.

To, a nan takaicina yake. Amina 'yar Bakwa Turunku maƙwabciyarmu ce, domin mu mutanen kudancin Kano da ƙasar Zazzau muka yi iyaka. Amma yarinyar da ke Fassi ko Kibiya ba za ta iya karanta layi ɗaya na maganar Malika ba. Da Turanci take ba da umarni, da Turanci take fushi, littafin kuma da dala ake masa kuɗi. Da Netflix ta saki fim ɗin Amina a 2021, sai ga Zagezagi suna zuba Turanci a fadar Zazzau ta ƙarni na 16. Haba jama'a!

Ban ga laifin Okupe ba. Ɗan Legas ne da ke zaune a Amurka, ya ga abu mai daraja ya ɗauka, ya kuma yi aikin da kyau. Da mu nake. Marubutanmu mata, Allah ya ƙara basira, kun cika kasuwa da littattafai, amma jarumarku in ba kuka take yi a ɗaki saboda kishiya ba, to uwar miji ce ta sa ta a gaba, sai wani Alhaji mai mota ya zo ya share mata hawaye. Masu littattafan yaƙi kuwa sun iya kaɗa takobi, sai dai biranensu duk a can wajen Misira da Farisa suke, kamar Hausa ba ta taɓa ɗaura sirdi ba. Masu fassarar finafinai sun sa jaruman Indiya suna zuba karin magana kamar a Kurmi aka haife su, amma an rasa mai sa wa jikar Amina Hausa a baki.

Ba labarin muka rasa ba. Ga Daurama. Ga Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar, wadda ta tsaya wa sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ga Rano kanta, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da duwatsunta da kufan ganuwarta. Wanne mai zane ne zai rasa inda zai tsayar da jaruma a kan doki a nan?

Na sani, buga littafi mai launi akwai tsada, wasu kuma suna ƙyamar zanen mai rai. Amma labarai nawa ake sayarwa ta WhatsApp kullum ba tare da an je maɗaba'a ba? Masu zane kuma muna da su, ku dubi zakuna da dawakan da ke bayan manyan motoci.

Ina son jaruma mai lulluɓi da kwari da baka, wadda za ta gai da mahaifiyarta da "Inna, ina kwana" kafin ta hau doki. Marubuciya ɗaya da mai zane ɗaya sun isa su fara da shafi goma. Ni zan saya, zan kuma saya wa 'yan matan gidanmu.