Dariya mai baki biyu: fim ɗin OSS 117 na Alƙahira da matasan lise

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba fim ɗin barkwanci mai suna OSS 117 : Le Caire, nid d'espions, wanda Michel Hazanavicius ya shirya a Faransa cikin shekara ta 2006. Tambayar da ta kawo mu ita ce: ya kamata a bar ƴan shekara 13 zuwa 17 su kalle shi?

Tun farko sai mu tuna cewa OSS 117 ba da wasa aka haife shi ba. Jean Bruce ne ya ƙago wannan ɗan leƙen asiri, Hubert Bonisseur de La Bath, cikin littafi a 1949, shekara huɗu kamin fitowar James Bond. Jarumi ne na gaske a wajen masu karatun wancan zamani. Hazanavicius da ɗan wasa Jean Dujardin sun bar masa kwat ɗinsa da murmushinsa, amma sun kwashe masa hankali. An aika shi Masar a 1955, ya fake da kamfanin kiwon kaji, yana raba wa talakawa hoton shugaba René Coty kamar wanda ke rabon goro. A gaban mashigin ruwa na Suwez yana yaba wa mutanen dā da suka haƙa shi, sai abokiyar aikinsa Larmina (Bérénice Bejo) ta gyara masa: a ƙarni na 19 aka yi aikin.

Fim ɗin ya samu karɓuwa. Fiye da mutum miliyan 2 suka shiga sinima a Faransa don kallonsa, ya ci babbar kyautar bikin Tokiyo a 2006, ya kuma samu César na tsarin wurin wasa a 2007. Abin da aka fi yabawa shi ne kwaikwayon finafinan dā, har da motar da ke tsaye ana gudu da hoton hanya a bayanta. Biyu suka biyo baya, na Riyo a 2009 da na Afirka a 2021, wanda Nicolas Bedos ya shirya. Wannan na ƙarshe ya fi raba kan masu sharhi.

Idan iyaye suka tambaya, yawanci abu biyu suke nufi: tsiraici da zubar da jini. Ta nan fim ɗin ba ya da nauyi ƙwarai. Faɗan na wasa ne, akwai kuma habaicin batsa nan da can, wanda ɗa ba zai so ya ji shi yana zaune kusa da uwarsa ba. A ganinmu wahalar tana wani wuri dabam.

Mu ɗauki wurin ladani. Da asuba kiran salla ya tashe OSS 117 daga barci. Bai san mene ne ba, ya hau hasumiya ya rufe bakin ladani da ƙarfi, ya koma ya kwanta. Ɗan kallo na Pari yana dariyar jahilcin mutumin da aka ce masanin ƙasashen Larabawa ne, alhali ko kiran salla bai sani ba. Wannan shi Faransawa ke kira second degré, wato magana mai ciki, wadda bakinta ya nufi gabas, nufinta na yamma. Amma hoton da ido ya gani shi ne nasara ya bugi ladani. Yaron Maraɗi ko na Damagaram, wanda wannan kira ke tashe shi kowace safiya, yana iya tsayawa nan, ya ɗauka addininsa ake wa ba'a. Wani kuma, kuma shi ya fi damun mu, yana iya ɗaukar kalmomin jarumin ya riƙa maimaita su a filin lakkwal don suna da daɗin faɗi, ya bar ba'ar a baya.

Ba wai matasanmu ba su san irin wannan dariya ba. Sun tashi cikin wasan taubasai, inda Bafillace da Babarbare ke jifan juna da maganar da a wani wuri sai a kai ga alƙali. UNESCO ma ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon duniya a 2014. Sai dai wasan taubasai yana da sharaɗi: kowa ya san dangantakar, kuma wanda aka taɓa yana da ikon ramawa. A fim ɗin Larmina ce kaɗai ke ramawa sosai, sauran Misirawa galibi ado ne. Wasa ne tsakanin Faransa da kanta, Larabawa na tsaye a matsayin madubi. Ba laifi ba ne ƙasa ta yi wa kanta dariya, har ma muna ganin akwai ƙarfin hali a ciki. Amma ba da mu aka ƙulla wasan ba, ko da yake a 1955 René Coty shugabanmu ne mu ma, tunda Nijar ba ta samu mulkin kai ba sai 1960.

Saboda haka shekaru kaɗai ba za su yanke hukunci ba. Ɗan kolej wanda bai karanta mulkin mallaka ba, bai ji labarin rikicin Suwez na 1956 ba, ba mu ga abin da zai ƙaru da shi ba, kuma guntun ladani da aka yanko aka tura ta waya shi ne mafi munin hanyar saduwa da fim ɗin. Ɗan ajin ƙarshe na lise kuwa muna goyon bayan ya gan shi gaba ɗaya, tare da malamin tarihi ko na Faransanci. Malamin ya tsayar da hoto bayan wurin ladani, ya tambayi aji wa ake wa dariya, ya saurari amsoshin kamin ya faɗi tasa.