Ɗan Galadima Da Takobin Aro

Mutanen Aztek na ƙasar Meziko sun ɗauki Quetzalcoatl, macijin nan mai gashin tsuntsu, a matsayin abin bautarsu na iska da ilmi. A shekarar 2016 masu wasan nan na Japan, Fate/Grand Order, suka mai da shi mace 'yar kokawa. Wasan ya karɓu ƙwarai, amma kokawar ce ta fi zama a zukatan masu bugawa.

Mu ma a Birnin Kebbi da Argungu mun fara ganin irin wannan a rubuce-rubucen matasanmu. Sai a ɗauko Ɗan Galadima daga cikin iskokin bori, a rataya masa takobi, a ce jarumin yaƙi ne. Alhali kuwa a al'ada ɗan sarauta ne mai son ado da caca, mai watsi da dukiya. Kakanninmu sun zana ɗan gata ne wanda gata ya ɓata, irin wanda har yau muke gani a gidaje. Ina labarin da ya fi wannan?

Ba kira muke yi a farfaɗo da bori ba. Roƙonmu ga 'yan'uwa marubuta shi ne, kowa ya san abin da ya aro. Kafin a ɗauki alƙalami, a zauna da dattawan Kabawa a tambaye su. In ba haka ba, za a wayi gari Ɗan Galadima yana magana da bakin jarumin Japan, yaranmu kuma su ɗauka haka muka gada.