Babba da Littafin Yaro: Matsayin Magana Jari Ce a Zaurukan Birnin Kano

Wannan takarda ta taso ne daga wani abu da na daɗe ina gani a cikin birni, tun daga zaurukan unguwarmu har rumfunan Kasuwar Kurmi. Za ka tarar da magidanci, wani ma da furfura, ya karɓe littafin da aka saya wa ɗansa don makaranta, yana karantawa yana ƙyaƙyata dariya. Sau da yawa littafin nan Magana Jari Ce ne. Mu kuwa a kwalejojin ilimi mun saba jera shi a ƙarƙashin adabin yara, mu wuce. Ina ganin wannan jeri yana bukatar a sake dubansa.

Babu musu don yara aka yi shi. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, don ya rubuta littattafan karatu na makarantu. Shekarunsa 25 a lokacin. Littattafan uku suka fara fitowa daga 1937. Amma manufar mai ba da aiki daban, abin da marubuci ya zuba a takarda daban.

A al'adar Bahaushe tatsuniya aikin tsofaffi mata ne da yara, da dare a ke yin ta, a tsakar gida ko a ɗaki. Namiji baligi ba ya zama a zaure ya buɗe baki da Gizo da Ƙoƙi, sai a ce girma ya faɗi. Abin da ya halatta gare shi shi ne labari da hikaya da tarihi. To, a nan gwanintar Imam ta ke. Kayan da ya yi aiki da su, da yawansu irin na tatsuniya ne: wasu daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm. Sai ya cire su daga tsakar gida ya kai su fada. Ya sa su a bakin aku, ya kewaye su da sarki da waziri da yaƙi da makirci. A littafi na farko akun ba don hira ya ke ba da labari ba. Yana yi ne don ya tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, watau kowane labari fansar rai ne na dare guda. Dattijon da ya san yadda a ke kitsa magana a fada, ko a gaban alƙali, ya fi yaro ɗan aji huɗu gane nauyin wannan. Yaro yana jiran ƙarshen labari, babba yana kallon dabarar mai jan lokaci.

A gwada wannan da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, waɗanda suka fito a 1971. Aiki ne mai daraja, ya kuwa adana mana abin da da ya salwanta. Amma ya bar tatsuniya da rigarta ta asali, da mabuɗinta da marufinta da waƙoƙinta. A iya lurata, babban da ke riƙe da su yawanci malami ne ko manazarci, ba mai neman nishaɗi ba. Kayan kusan iri ɗaya ne, suturar ce ta raba su.

Akwai kuma abin dariyar kansa. A duba labarin Kalala da Kalalatu, wanda tushensa ke cikin Grimm. Yaro zai yi dariyar baƙon da ya ruga a guje, maigida na bin sa da wuƙa. Magidanci kuwa abin da ke ba shi dariya shi ne halin mijin da ke yawan kwaso baƙi ba tare da ya shawarci mai girki ba, da irin ramuwar da ta yi masa. Wannan dariya ce ta wanda ya zauna da iyali. Littafi na uku ma, inda aku ke horar da ɗansa Fasih, kusan darasi ne na yadda a ke tsara labari, kuma ban ga ɗan firamaren da wannan ya dama ba.

Kada mu manta da tarihi. Lokacin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, manya da yawa suka koyi boko, alhali abin karantawa da Hausa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya gama ajin manya, in ya ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo, littafin ɗansa ne mafi kusa da hannunsa. Wani zai ce ashe rashi ne ya sa. Da haka ne, da an yar da littafin tun da adabin kasuwar Kano ya cika rumfuna daga tsakiyar shekarun 1980, amma har yanzu ana sayensa. A Ingila, sai da kamfanin Bloomsbury ya yi wa Harry Potter wani bango na musamman a 1998 don manya su karanta a jirgin ƙasa ba kunya. Bakano bai taɓa bukatar a sake wa Magana Jari Ce bango ba.

Inda na ke da ƙorafi shi ne a kanmu malamai. Da ya ke mun yanke cewa na yara ne, sai mu ke koya wa ɗalibai malamai su tatsi "darasi" daga kowane labari, haƙuri ko illar kwaɗayi, su rubuta a allo. Imam kansa ya buɗe wannan ƙofa da ya raɗa wa labarai da dama sunan karin magana. Amma na sha duba takardun jarrabawa inda ɗalibi zai kawo darussa goma daga littafi na farko, ba tare da ya ambaci Waziri ko sau ɗaya ba.