Damina da Kasuwar 'Yan Wasa: Nazarin Hutun Ƙwallo daga Kankiya da Kusada

Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Agusta gidajen kallon ƙwallo na Kankiya da Kusada sukan yi tsit. Janareta ya huta, bencina sun yi ƙura, samari suna gona tun da sassafe, daga noman farko sai maimai. Amma zancen ƙwallo ba ya mutuwa, teburin mai shayi yake komawa. A nan za ka ji yaro ɗan shekara 15 yana zayyana maka wanda Arsenal ta saya, da nawa Real Madrid ta taya wane, da kocin da aka sallama, har da shekarun da suka rage a kwantiraginsa. Ka tambaye shi wa Katsina United ta ɗauka bana, sai ya sosa ƙeya. Alhali daga Kankiya zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko, wato Karkanda, tafiyar kamar sa'a ɗaya ce a mota.

Ban ga laifin yaron ba. Mutum ba ya shaƙuwa da fuskar da bai daɗe yana gani ba, kuma al'adar da ta kafu a yawancin ƙungiyoyin gasar Firimiya ta Najeriya ita ce share fage duk shekara. Ana busa tashi a wasan ƙarshe sai a sallami tarin 'yan wasa, a buɗe gwaji, a kwaso sabbi, sau da yawa har da sabon koci. Kafin magoya baya su haddace sunan mai tsaron raga, ya koma Jos ko Aba.

Abin yana da tushe. Galibin ƙungiyoyin nan na gwamnatocin jihohi ne, kuɗinsu daga kasafi yake fitowa ba daga ƙofar fili ba, shugabanninsu kuma naɗa su ake yi. Wanda aka naɗa ya san zamansa ba tabbas, don haka sakamakon bana yake nema, ba ginin shekara biyar ba. Shi yakan zo da kocinsa, koci ya zo da yaransa, dillalin ɗan wasa kuwa ba ya samun la'ada sai an ƙulla sabon ciniki. Su ma 'yan wasan suna da hujja: wanda albashinsa ya yi ta jinkiri, ko ya ji ƙamshin tafiya waje, ba zai yarda ya ɗaure kansa da doguwar yarjejeniya ba. Kowa da dalilinsa, amma ƙungiyar ce take biyan farashi.

Wannan ya fi ciwo idan aka tuna tarihi. Katsina United ta buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997. Ba ta ɗauka ba, amma dattawa har gobe suna ba da labarin shekarun da alfahari. Ta sake hawa babbar gasa a 2016, ta faɗi a 2022 tare da Kano Pillars, suka dawo tare a 2023. A cikin waɗannan shekaru ta ga masu horarwa da dama, cikinsu akwai Abdullahi Biffo da Henry Makinwa da Usman Abdallah, wanda ya ci gasar da Enyimba a 2019. Masana ne dukkansu. Abin da babu shi ne lokaci.

A Amurka, gasar NFL ta ƙwallonsu da ake runguma da hannu ta mayar da hutu wani babban aiki. Ana gama kaka a Fabrairu, a dawo a Satumba. A Afrilu ƙungiyoyi 32 sukan zauna a bainar jama'a su zaɓi matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a bara ita ke fara zaɓe. Tun 1994 akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi. Su ma suna korar koci suna sauya 'yan wasa, amma bisa ƙa'idar da kowa ya sani, kuma yaron da ke makarantar sakandare ya san matakan da zai taka. Ba na cewa mu kwafo tsarin. Mu muna da faɗuwa da hawa, su babu. Hanyar nan sananniya daga filin makaranta zuwa babban fili ita ce abin sha'awa.

Ba ma sai an ƙetare teku ba. Remo Stars ta Ikenne ta riƙe koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, tana kuma renon yara a makarantarta ta ƙwallo. Ta zo ta biyu a gasar Firimiya a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ba ta rusa gidanta ba, sai ta ɗauki kofin a 2025. Manomin Kusada zai gane wannan nan take, domin ya san iri mai kyau ajiye shi ake yi a rumbu, ba a cinye a sayo baƙo kowace shuka ba.

Ga filayen firamare da sakandare a Kankiya da Kusada cike da yara kowace la'asar, wasu ba takalmi, suna buga gasar unguwanni da kuɗin karo-karo. Ranar da ɗan garin ya sa rigar Katsina United ya kuma shekara uku a cikinta, motocin haya za su cika zuwa Karkanda ba tare da an yi shela ba.

Kirana ga masu riƙe da ƙungiyar shi ne, a hutu mai zuwa su riƙe ƙashin bayan tawagar da suke da ita, su ba koci aƙalla shekara uku a rubuce, su sanar da sunayen waɗanda suka tafi da waɗanda suka zo a rediyo da Hausa, sannan su turo masu duba 'yan wasa Kankiya da Kusada su zauna a bakin fili su kalli yaran nan da idonsu.