Daga Zambon Fada zuwa «Clash»: Wakilin Suna da Matsalar Gaskiya a Gambarar Zamani ta Damagaram

1. Gabatarwa

Duk lokacin da zancen waƙoƙin rap ya taso tsakanin malamai da ɗalibai a sashenmu, musamman irin waɗanda mawaƙa ke yi don cin zarafin juna, waɗanda matasan Nijar ke kira «clash», ra'ayi biyu ake ji. Na farko na masu cewa baƙon abu ne da ya shigo daga Amurka ta hanyar Faransa, ba shi da tushe a al'adar Bahaushe. Na biyu na masu cewa babu wani sabon abu a ciki, zambo da habaici ne irin na makaɗan fadar Damagaram, kiɗan kawai aka canja. A wannan ƴar maƙala muna so mu nuna cewa ɓangarorin biyu sun tsallake abu guda wanda bai kamata mai nazarin harshe ya tsallake ba, wato wakilin suna: wa ke magana, da wa yake, kuma a madadin wa. A ganinmu nan ne bambancin yake, kuma daga nan ne rigimar «mawaƙi na gaske» ta samo asali. Jimlolin da muka sa wa lamba mu muka ƙirƙire su domin bayani, ba daga bakin wani mawaƙi suka fito ba.

2. Zambo da habaici a fada

Fada wuri ne na takara. André Salifou, a littafinsa na 1971 kan tarihin Damagaram a ƙarni na 19, ya nuna yadda Tanimun ya yi ta jayayya da ɗan'uwansa Ibrahim kafin sarauta ta zauna masa daga 1851 zuwa 1884. Inda duk ƴaƴan sarki ke hangen gado ɗaya, makaɗi yana da aiki biyu: ya ɗaga ubangidansa, ya kuma ƙasƙantar da masu ja da shi. M. G. Smith, a nazarinsa na 1957 kan roƙo a ƙasar Hausa, ya lura cewa yabo da zagi a hannu ɗaya suke, kuma tsoron na biyu yana cikin abin da ke sa a biya na farko. A kan wannan turba makaɗan fada suka yi aiki, daga Narambaɗa a Isa har zuwa Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram.

Abin lura shi ne yadda aka raba matsayi uku. Akwai mai faɗi, wato makaɗi. Akwai wanda ake faɗi dominsa, wato sarki. Sannan akwai wanda ake yi da shi, wanda galibi ba a kama sunansa. Mu dubi wannan jimla:

(1) Wani ya sayi rawani tun sarauta ba ta faɗi ba.

Kalmar «wani» ta mai da abokin takara mutum na uku. Émile Benveniste ya nuna cewa «ni» da «kai» su ne ke cikin zance, domin suna musanyar matsayi: wanda na ce wa «kai» zai iya juyowa ya ce «ni». Mutum na uku kuwa ana maganarsa ne kurum, ba a ba shi damar amsawa ba. To wannan ita ce dabarar habaici. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, jama'ar fada ma sun sani, amma in ɗan sarkin ya tanka ya tona kansa, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zambo ya fi habaici fitowa fili, saboda yakan siffanta mutum da tafiyarsa ko muninsa ko rowarsa, amma shi ma yawanci a kan «wani» da «wane» yake tsayawa.

Sakamakon wannan tsari biyu ne. Na ɗaya, an bar ƙofar sulhu a buɗe, tun da ba a kama suna ba. Na biyu, ba a tambayar makaɗi gaskiyar rayuwarsa. In ya yabi jaruntar sarki, ba wanda zai ce masa sai ya nuna tabon mashi a jikinsa. Gwanintarsa ake aunawa.

3. Kirari: inda «ni» ke da farashi

A adabin baka na Hausa akwai fagen da mutum ke yabon kansa da bakinsa, shi ne kirarin ƴan kokawa da ƴan dambe da ƴan tauri da mafarauta. Duk wanda ya kalli gasar takobi ta kokawar gargajiya, wadda ake yi a Nijar tun 1975, ya ga ɗan kokawa ya fito tsakar fili yana ɗaga murya da magana mai wannan siga:

(2) Ni ne wanda bayansa bai san ƙasa ba.

A nan mai faɗi da wanda ake yabo mutum ɗaya ne. Sai dai jimla ta (2) bashi ce, kuma nan take ake biyanta: ga fili, ga abokin karawa, ga alƙali, ga ƙa'ida. Wanda ya faɗi ya faɗi, an tashi. Ko a dambe, inda makaɗi ke zuga ɗan wasa kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago, an raba aiki, wani na waƙa, wani na naɗe hannu.

Kafofin watsa labarai na Hausa sun saba kiran rap «gambara» ko «gambarar zamani». Sunan ya kama wani sashe na gaskiya, domin ƴan gambara sun shahara da saurin baki da zagi da batsa a kasuwanni. Amma ɗan gambara maroƙi ne, abin hannun mutane yake nema, kuma jama'a sun ɗauki zaginsa abin dariya. Ta fuskar wakilin suna, mawaƙin rap ya fi kusa da mai kirari.

4. Abin da «clash» ya sauya

Tun farkon rap a birnin New York takara na cikinsa. A 1986 da 1987 MC Shan na unguwar Queensbridge da ƙungiyar Boogie Down Productions ta kudancin Bronx suka yi ta musayar waƙoƙi kan unguwar da ta isa ta yi taƙama da wannan kiɗa. A 2001 Jay-Z da Nas suka kara. A 2015 Meek Mill ya zargi Drake da cewa wani ke rubuta masa waƙa. In muka tattara jigon waɗannan rigingimu za mu same shi cikin jimla irin wannan:

(3) Kai wane, ƙarya kake, ba ka taɓa kwana a unguwar nan ba, ni kuwa a nan aka yanke mini cibiya.

Matsayi ukun da fada ta raba sun haɗe. Mawaƙi shi ne makaɗi, shi ne sarkin da ake yabo, shi ne kuma ɗan damben da zai kare yabon. Abokin gaba ya tashi daga «wani» ya koma «kai», da sunansa. Ke nan an ba shi damar amsawa, an ma tilasta masa, domin shirunsa faɗuwa ce.

William Labov, a bincikensa na 1972 kan zagin wasa tsakanin matasa baƙar fata na Harlem, ya fitar da wata ƙa'ida mai amfani a nan. Zagin wasa dole ya zama abin da kowa ya san ba gaskiya ba ne, shi ya sa ake rama shi da wani zagin. Zagin gaske kuwa musantawa ake yi, ko a yi faɗa. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilun Nijar, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014, a kan irin wannan ƙa'ida yake tafiya: Bafillace da Babarbare sun san iyakar abin da za su faɗa wa juna. Jimla ta (3) ta karya ƙa'idar, domin ƙarfinta duka a kan da'awar cewa gaskiya ce. Ta ɗauki «ni» na kirari, amma ba ta zo da fili ko alƙali ba. Tupac Shakur, wanda ya fitar da waƙar cin zarafin Notorious B.I.G. a 1996, an harbe shi a watan Satumba na shekarar, shi kuma B.I.G. an harbe shi a watan Maris na 1997. A Faransa, Booba da Kaaris sun ba hamata iska a filin jirgin sama na Orly a watan Agusta na 2018.

Akwai wani abin mamaki kuma. Bayan karawar Kendrick Lamar da Drake ta 2024, Drake ya kai kamfanin Universal ƙara kan ɓata suna, amma a watan Oktoba na 2025 wata kotu a New York ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa mai sauraro ya san kalaman irin wannan takara ra'ayi ne da zuguguwa. Wato magana ɗaya, a titi ana sayar da ita a matsayin gaskiya, a gaban alƙali ana kare ta a matsayin wasa.

5. Fada, faɗa da «palais»

Me ya sa wannan ya shafi Damagaram fiye da wasu garuruwa? Masu bincike da dama suna danganta farkon «fada» ta matasa, wato majalisar shan shayi da hira a bakin titi, da wannan gari a shekarun 1990. Matasa marasa aiki sun ari sunan gidan sarki suka sa wa tabarmarsu. Daga baya wasu ƙungiyoyi da aka fi sani da ɗaga ƙarfe da rikici suka ɗauki fassarar kalmar da Faransanci, «palais». Aïcha Macky, ƴar garin, ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta mai suna Zinder na 2021, wanda ta ɗauka a Kara-Kara, unguwar da a da aka keɓe wa kutare. A rubutun boko ƙugiya ɗaya ce tsakanin fada da faɗa.

Wannan aro yana gaya mana wani abu da masu ƙyamar rap ba sa son ji. Kiɗan fada na masu asali ne, makaɗan ma galibi gado suke yi. Yaron Kara-Kara ba shi da makaɗi, ba wanda zai jero sunayen kakanninsa. In bai ce «ni» da kansa ba, ba mai faɗa masa. Adeline Masquelier, a littafinta na 2019 kan fadojin matasan Nijar, ta nuna yadda mawaƙan rap ke ɗaukar kansu masu faɗin gaskiya, kuma sunan ƙungiyar Kaidan Gaskia ta Yamai ma shaida ne. Saboda haka ba ma ganin «ni» ɗin rap a matsayin rashin kunya. Haƙƙin magana ne da wanda aka hana ya ƙwata.

Amma haɗarin ma a nan yake. A garin da mawaƙi da abokin takararsa ke iya haɗuwa a kasuwa ɗaya, kuma kowa na da majalisar da ke bayansa, jimla ta (3) tana neman shaida, shaidar da ta fi sauƙin kawowa kuwa ita ce ta ƙarfi. In aka ce «na gaske» shi ne wanda ya fi shan wuya ko ya fi iya rikici, an ɗora wa matashi bashin da ba ya biyuwa da baki.

6. Gaskiya da asalin harshe

Wani ma'aunin da ake yawan kawowa shi ne na harshe: wai mawaƙin da ke surka Hausa da Faransanci, ko ke kwaikwayon Hausar finafinan Kano, ya bar asali. Wannan zance ya ƙara ƙarfi tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Mu dai a matsayinmu na masu nazarin harshe ba mu ga madogararsa ba. Sunayen sarauta irin su Ciroma da Galadima da Yarima daga Barebari Hausa ta aro su, kuma Damagaram ta daɗe ƙarƙashin inuwar Borno. Yaron da ke cewa «bik» da «kaye» inda na Kano ke cewa «biro» da «littafi» Hausar garinsu yake yi. In ya tsarkake bakinsa daga waɗannan kalmomi domin ya gamsar da mu, a lokacin ne ya yi ƙarya.

7. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa «clash» ya gaji wani abu daga gida, amma kirari ya gada fiye da zambon fada, kuma ya gaje shi ba tare da filin da ke iyakance shi ba. Bisa ga haka, ma'aunin da muke ba da shawara mai tarke ya riƙe shi ne na harshe: shin mawaƙin ya iya sa duk gari su gane da wa yake ba tare da ya kama suna ba? Kama suna da jera laifuffuka kowa na iyawa, kuma waƙar da aka gina a kansu tana mutuwa ranar da rigimar ta mutu. Habaicin makaɗan fada kuwa har yau ana sauraronsa, alhali an manta da yawancin waɗanda aka yi dominsu.

Aikin da ya rage na ɗalibanmu ne. Muna kira gare su da su tattara waƙoƙin matasan Damagaram, su rubuta su da ƙa'ida, su ƙidaya «ni» da «kai» da «wani» a cikinsu, su kwatanta da waƙoƙin Ɗan Alalo da kirarin ƴan kokawa. Da wannan ƙidaya ne za a iya tabbatar da abin da muka faɗa a nan, ko a rushe shi.